Amsa ga malamin da ya tambayi me ya sa Leela ta sha kashi a laftof ɗinsa

Wa alaikumus salam Malam, da fatan an yini lafiya, ya yaran makaranta, ya kuma haƙuri da wannan zafi. Na ga tambayarka tun shekaranjiya amma ban samu zama ba sai yau, muna wani aikin sola ne a wani ƙauye ta wajen Ringim, in an dawo gida sai dai wanka da barci. Bari in ɗan maimaita abin da ka ce saboda wanda bai gani ba. Ka ce kana koya wa yara wasan ces, darar Turawa, a sakandaren garinku, ka ji ana ta zuga Leela wai ita ce injin mai ƙwaƙwalwar koyo da ta fi kowa, ka sauke ta a laftof ka haɗa ta da Stockfish, wani shahararren injin ces ɗin, wasa goma, ko canjaras ɗaya ba ta samu ba. Sannan ka lura Stockfish na wayarka da na laftof wani lokaci taku daban-daban suke nunawa. Shin ƙarya ake yi, ko laftof ɗin ne, kuma ko ya kamata ka tara kuɗi ka sayi mai katin girafik.

Toh Malam ba ƙarya ake ba gaba ɗaya, amma labarin da ka ji ya tsufa. Na farko dai shi kansa Stockfish tun 2020 yake aiki da ragar jijiyoyi irin wadda ake koya wa abu, wadda masu harkar suke kira niyural netwok, ni zan riƙa cewa raga kawai. Kenan duka biyun masu raga ne. Na biyu, ko a manyan kwamfutocin gasa Stockfish ne yake gaba a 'yan shekarun nan. Na uku kuma, wanda shi ne ainihin abin da ya faru a laftof ɗinka, ka ɗaure wa Leela ƙafa ne ka ce ta yi tsere, domin abincinta daban ne da na Stockfish, kuma laftof ɗinka abincin Stockfish kaɗai yake da shi.

Kowane injin ces aiki biyu yake yi. Ɗaya shi ne leƙa gaba, in na taka nan zai taka can, ni kuma in taka can, haka haka har iya inda lokaci ya bari. Ɗayan kuma shi ne in ya isa wani matsayi, wato yadda 'ya'yan wasa suke zaune a kan allo a wannan lokacin, ya kimanta shi ya ce wa ke da rinjaye kuma da nawa. Raga ita ce mai wannan kimantawar, ita ce idon injin. Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne na'ura ba ta ƙara wa idon nan kaifi ko kaɗan. Fayil ɗin raga da ke cikin wayarka shi ne dai a cikin kwamfutar miliyoyin naira, in ka nuna musu matsayi ɗaya amsa ɗaya za su bayar. Abin da na'ura take canzawa kawai shi ne sau nawa injin zai iya tambayar ragar kafin lokacinsa ya ƙare. Akwai hanyar da zaka gani da idonka: ka buɗe Stockfish shi kaɗai a baƙin allon nan na rubutu ka rubuta bench ka danna, zai yi lissafi ya fito maka da adadin matsayin da ya duba da kuma nawa yake dubawa a daƙiƙa. Ka je ka yi haka a kwamfutar wani da irin wannan sigar ta Stockfish, lambar farko iri ɗaya zata fito cif, ko ɗaya ba zata bambanta ba, ta biyun ce zata canza. Tunani ɗaya, gudu daban.

Yanzu bambancin su biyun. Ka taɓa zuwa Dawanau ka ga tsohon dillalin hatsi? Zai tura hannu cikin buhu ya ɗebo, ya murza, ya shinshina, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki, ya gaya maka na bana ne ko na bara, ya ji raɓa ko bai ji ba, har yankin da aka noma shi. Yana ɗaukar lokaci a kan kowane buhu amma abin da ya faɗa ya zauna. Wannan ita ce Leela. Stockfish kuma kamar ka saki samari ɗari ne cikin sito, kowa ya soka buhu ya leƙa ya wuce, kallon kowannensu bai kai na tsohon ba amma kafin tsoho ya gama buhu ɗaya sun zagaye sito. Lambobin AlphaZero, injin ces mai raga wanda Leela ta kwaikwayi tsarinsa, sun nuna wannan ƙarara. A Disamba 2017 kamfanin DeepMind ya fitar da sakamakon wasa 100 tsakanin AlphaZero da Stockfish 8, AlphaZero ya ci 28, aka yi canjaras 72, ba a ci shi ko sau ɗaya ba, alhali yana duba matsayi wajen 80,000 ne a daƙiƙa, Stockfish kuma wajen miliyan 70. Mutane da yawa a nan suke tsayawa su ce ka ga, ashe ba a buƙatar gudu. Sun manta cewa 80,000 ɗin nan a kan TPU guda 4 aka same su, wasu na'urori da Google ya ƙera musamman don lissafin raga, kuma kowane kallo ɗaya na AlphaZero lissafi ne mai nauyin gaske. Raga mai girman tasa, wadda Leela ma ta yi amfani da irinta, mai hawa 20 da faɗi 256, tana cin ninkawa da tarawa wajen biliyan ɗaya da rabi kafin ta kimanta matsayi guda. Guda ɗaya fa Malam.

Ka ɗora wannan nauyin a kan furosesar laftof, wato ƙwaƙwalwarta mai yin lissafi, musamman irin na hannu da muke saye a titin Beirut, zaka ga Leela tana duba matsayi gommai ne kacal a daƙiƙa, in ma ragar da ka sauke cikin manyan nan ce na yanzu sai abin ya fi haka muni. Katin girafik irin RTX 2080 da wannan ragar mai hawa 20 yana wuce 20,000 a daƙiƙa. Shi kuma Stockfish a wannan laftof ɗin naka yana duba ɗaruruwan dubbai ko ma miliyoyi. Kaga tsohon dillali ne aka ba shi damar taɓa buhu biyu kawai aka ce ya faɗi abin da ke cikin sito gaba ɗaya. Zai yi ƙoƙari, takunsa zai yi kyau a ido, amma duk inda aka binne tarko mai taku shida ko bakwai a gaba zai faɗa, kuma na tabbata in ka koma ka duba wasannin nan goma haka zaka gani, Leela tana tafiya lafiya lau har tsakiyar wasa sai kwatsam ta rasa doki ko a kama mata sarki.

Me ya sa katin girafik ya iya abin da furosesa ta kasa? Furosesa tana da ma'aikata kaɗan ne, 4 ko 8, ana ce musu kor, kowannensu gwani ne mai saurin yanke shawara. Katin girafik kuma dubban ƙananan ma'aikata ne da ba su iya komai ba sai lissafi iri ɗaya a lokaci ɗaya, kuma lissafin raga irin wannan ne sak. Amma yana da sharaɗi, sai an tara masa kaya. Kamar babbar mota ce a tasha ranar kasuwar Maigatari, ba zata tashi da fasinja ɗaya ba, in ma ta tashi asara ce. Shi ya sa Leela take tara matsayi da yawa, wani lokaci har 256, ta tura wa katin a tafiya ɗaya. A nan kuma wata matsala take ɓoye wadda ba kowa ke lura da ita ba: domin ta cika motar dole ta zaɓi wasu matsayin tun kafin ta ji sakamakon na baya, wato wasu fasinjojin da ta ɗauka da ta jira amsa da ba zata ɗauke su ba. Saboda haka lambar gudu tana iya hawa amma ƙarfin wasa bai hau daidai da ita ba, kuma kati biyu ba ya ba ka ninki biyu na ƙarfi. Sannan furosesa ce mai lodin motar, in ta cika rauni katin zai zauna yana jira.

Kuma ba kowane katin girafik ne kati ba, wannan ina so ka ji shi da kyau kafin wani mai shago ya ce maka ai wannan yana da girafik 2GB. Irin su Intel HD da ke manne cikin furosesa, ko ƙananan GeForce irin 940MX da MX150, ba za su kai ka ko'ina da Leela ba. Abin da ya ɗaga Leela shi ne fitowar katunan RTX na Nvidia a 2018, masu wani sashe da ake kira Tensor, wanda yake yin lissafin raga da gajerun lambobi masu bit 16 maimakon 32. Raga ba ta damu da wannan ɗan ragin daidaito ba, amma gudu sai ya ninka har fiye. Katunan da suka gabace su, irin GTX 1060 da 1080, ba su da wannan, shi ya sa ko da sun yi kusa da juna a wasan bidiyo, a Leela tazarar mai yawa ce. Ka duba yadda tarihin ya tafi: Gary Linscott ya fara aikin Leela a farkon 2018, a gasar injinan ces ta TCEC zagaye na 14 a farkon 2019 Stockfish ya sha da ƙyar 50.5 da 49.5, a zagaye na 15 cikin Mayu 2019 Leela ta ɗauke kofin da 53.5 da 46.5, ta sake ɗauka a zagaye na 17 a 2020. A lokacin an yi ta musu sosai, domin ta yaya zaka ce an yi adalci tsakanin mai gudu a kan furosesa da mai gudu a kan katin girafik? Da kuɗin na'ura za a auna, ko da wutar da take ci? Har wani ma'auni aka fito da shi daga lambobin AlphaZero ɗin can, miliyan 70 a raba da 80,000 ya ba da 875, sai a ninka gudun Leela da 875 a raba da gudun Stockfish, in ya fito 1 an ce yanayin ya yi daidai da na wasan AlphaZero. Ni a ganina ma'aunin bai taɓa warware musun ba, saboda da zarar an canza girman raga lissafin ya rushe, amma ya nuna maka cewa su kansu masu abin sun san sakamakon wasa tsakanin injin biyu rabinsa labarin na'ura ne.

Sai Stockfish ya zo da tasa dabarar, kuma ita ce ta fi shafar irinmu. Wani ɗan Japan mai suna Yu Nasu ya ƙirƙiro wata irin raga a 2018 don wasan shogi, darar Japanawa, ana kiranta NNUE, aka ɗauko ta aka saka a Stockfish 12 da ya fito a Satumba 2020. Hikimarta mai sauƙin fahimta ce. Mai kanti in ya sayar da gwangwanin madara ɗaya ba ya sake ƙirga kayan kanti daga farko, cire ɗaya yake yi daga lissafin da ke hannunsa. A ces ma yawanci a taku ɗaya ɗa ɗaya ne yake tashi daga wani gida ya sauka a wani, sauran allo yana nan yadda yake, toh sai ragar ta cire gudummawar gidan da aka bari ta ƙara ta gidan da aka sauka, shikenan, babban ɓangaren lissafin ya wuce, sai in sarki ne ya motsa wani lokaci ake sake lissafin ɓangarensa. Sannan duk da ƙananan lambobi cikakku ake yi, masu bit 8 da 16, waɗanda furosesa take iya haɗawa da yawa ta buga a bugu ɗaya. Da aka saka ta gudun Stockfish ya ragu kusan rabi amma ƙarfinsa ya yi tsalle, domin samarin nan ɗari kowannensu ya samu ɗan rabo daga idon tsoho. Zuwa Stockfish 16.1 a 2024 an cire tsohon ma'aunin da mutane suka rubuta da hannu kwata-kwata, raga ce kaɗai ta rage.

Wannan buga lambobi da yawa a bugu ɗaya shi ne inda furosesa ta fi furosesa. Akwai wani tsarin umarni da ake kira AVX2, Intel ta fara saka shi a 2013 daga zuriya ta 4 ta su Core i3, i5 da i7, Ryzen na AMD duk suna da shi, amma Celeron da Pentium da yawa, irin waɗanda suka cika ƙananan laftof masu araha, ba su da shi. In ka je sauke Stockfish zaka ga fayiloli kala-kala, wani an rubuta avx2, wani bmi2, wani avx512 ko vnni, wani kuma na kowa da kowa. Mutane da yawa na kowa da kowan suke ɗauka don shi ne ba ya ƙin buɗewa, alhali na'urarsu tana iya ɗaukar wanda ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. Ka gwada su ɗaya bayan ɗaya da bench, wanda ya buɗe kuma ya fi ba da lamba shi ne naka. In Ryzen ne na kafin jerin 5000 ka ɗauki avx2 ka bar bmi2, akwai wani umarni a cikinsa da yake tafiyar hawainiya a kansu. Waya kuma tana da nata tsarin mai suna NEON, shi ya sa Stockfish yake gudu da kyau a waya ba tare da wani kati ba.

Sai maganar yawan kor. Stockfish yana zuwa ne an saita shi a Threads 1 da Hash 16MB, wato ma'aikaci ɗaya da ɗan ƙaramin littafin ajiya, kuma na sha ganin mutum da laftof mai kor 8 yana ta aiki da ɗaya shekara guda bai sani ba. Ka shiga saitin ka ƙara, ka bar ɗaya ko biyu saboda sauran aikin kwamfuta. Amma kada ka zaci kor 8 zai ba ka ninki 8. In gayya ce ta noma, mutum goma suna gamawa a rana ɗaya abin da mutum ɗaya zai yi kwana goma yana yi, domin kowa da kunyarsa. Binciken ces ya fi kama da haƙar rijiya, mutum goma ba za su shiga rami ɗaya ba, kuma sai an cire ƙasar sama ake sanin ta ƙasa. Yadda Stockfish yake yi tun siga ta 7 a 2016 shi ne ya saki dukkansu su binciki matsayi ɗaya kowa ta ɗan hanyarsa, duk wanda ya gano wani abu ya rubuta a littafin nan na Hash sauran su gani kada su maimaita. Ana samun riba sosai, amma akwai aikin da ake maimaitawa a banza, kuma ribar tana raguwa yayin da ake ƙara yawa. Wannan ne ma rabin amsar tambayarka ta waya da laftof. In ma'aikata sun fi ɗaya, wanda ya riga wani rubutawa a littafi yana canzawa daga gwaji zuwa gwaji, don haka ko a na'ura ɗaya in ka maimaita zaka iya ganin taku daban. Ɗaya rabin kuma zurfi ne, a daƙiƙa goma laftof ya leƙa nesa fiye da waya. Yawanci in ka duba zaka ga takun biyun kusan darajarsu ɗaya, in kuma sun yi nisa da juna ka ba wayar minti ɗaya ko biyu, sau da yawa zata dawo kan maganar laftof. Hash kuma daga ram ake yanka shi, in kana da 8GB ka ba shi 1GB ko 2GB ya isa dogon nazari, kada ka ba shi har Windows ta rasa wajen numfashi ta koma rubutu a hadis, wato ma'ajiyar fayilolin kwamfuta, nan ne komai zai tsaya cak.

Akwai kuma rumbun ƙarshen wasa da ake kira Syzygy, inda aka riga aka lissafe sakamakon kowane matsayi in 'ya'ya sun rage kaɗan. Na 'ya'ya 5 bai kai 1GB ba, wannan ka sauke in ka samu data. Na 6 wajen 150GB ne kuma sai da SSD, na 7 ya haura terabait 16, ka manta da shi.

Toh nawa ƙarin gudu yake sayo maka na ƙarfi? A da can ana cewa duk ninki biyu na gudu ko na lokaci yana kawo maki Elo, wato makin da ake auna ƙarfin ɗan wasa da shi, wajen 50 zuwa 70. A ƙasa, inda injin yake cikin yunwar lissafi kamar Leela a laftof ɗinka, ninki ɗaya yana iya kawo fiye da haka. A sama kuma abin yana ta ƙanƙancewa, domin in duka biyun sun daina yin kuskuren da zai kai ga faɗuwa sai wasa ya koma canjaras bayan canjaras, shi ya sa a manyan gasa da gangan ake fara musu da buɗewar da ta ɗan karkata gefe ɗaya, kowa ya buga ta da fari ya buga ta da baƙi, don a samu wanda zai ci. Kuma lokaci da na'ura abu ɗaya suke saya. Kwamfutar da ta ninka taka gudu sau huɗu, abin da zata gani a daƙiƙa 15 kai ma zaka gani a minti ɗaya. A gasa mai agogo wannan bambanci ne na ci da faɗuwa, amma kai da kake zaune bayan la'asar kana duba wasan ɗalibinka, wa yake korarka?

Ga Leela kuwa akwai ƙarin magana, girman raga dole ya dace da na'ura. Manyan ragoginta na yanzu irin BT4 suna da ido mai kaifi ƙwarai amma kowane kallo ya fi na da nauyi sau da yawa, an yi su ne don manyan katuna. A na'ura mai rauni ko wasa mai gajeren lokaci ƙaramar raga tana doke babba, domin ta samu damar leƙa gaba. Ina kyautata zaton babbar ka sauke, don ita ake fara nunawa a matsayin mafi ƙarfi. Ka nemi ƙarama wadda aka ce ta furosesa ce ka sake haɗa su, ba zata doke Stockfish ba amma zaka ga wasan ya canza kama.

Wani abin da yake burge ni, kuma ba a cika faɗa ba, shi ne na'urar da ta fi tasiri a kan ƙarfin injin ba ita ce a gabanka ba, ita ce wadda aka horar da ragar a kanta. AlphaZero TPU 5,000 aka sa suna buga masa wasa da kansa, wasa miliyan 44 cikin awa 9. Leela ba ta da kuɗin Google, mutane ne a duniya suka riƙa ba da aron katunansu dare da rana har aka tara. Kuma tun wajen 2021 ana horar da ragar Stockfish da bayanan wasannin Leela, kenan gumin duk waɗancan katunan yana cikin ɗan fayil ɗin da ke wayarka. A 2024 ma DeepMind sun nuna wata raga mai ma'auni miliyan 270 wadda ba ta leƙa gaba ko taku ɗaya, kallo ɗaya take yi ta taka, ta kai maki 2895 a wasan sauri da mutane a Lichess, shafin intanet da ake buga ces.

Yanzu mu dawo gida, domin duk lambobin da zaka gani a intanet a ɗaki mai sanyi aka auna su. Injin ces yana cikin abubuwan da suka fi gasa furosesa, yana riƙe ta ɗari bisa ɗari ba hutu. A watan Afrilun bara wani ya kawo min laftof shago yana cewa tana mutuwa in ya kunna nazari, na kunna Stockfish da rana tsaka ina kallon lambar gudu, minti biyu na farko lafiya, sai fanka ta fara kuka, lambar tana sauka a idona kamar ana zare ta, ƙasan laftof ɗin ba ya taɓuwa. Da na kwance ta, ƙurar hunturu ta toshe bakin iskar ta zama kamar auduga, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe ya zama gari. Furosesa in ta doshi digiri 95 zuwa 100 da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, kuma a garin da inuwa ma take haura 40 ba ta da nisan tafiya kafin ta kai can. Na share, na sa sabon mai, na ɗora ta a kan ƙananan katako biyu iska tana shiga ta ƙasa, lambar ta tsaya a inda ta fara. Kada ka ɗora ta a kan katifa ko darduma, kuma ka sani in ka cire caja yawancin laftof suna rage gudu da kansu don tattalin batir. Waya ma haka, in ta yi zafi a hannu ta riga ta rage gudu, ka cire mata riga ka ajiye ta a inuwa.

Sai wuta. RTX 3060 na tebur shi kaɗai yana cin wat 170, RTX 4090 yana cin 450, ban da sauran kwamfutar, kuma Leela zata riƙe shi a sama duk tsawon nazarin. Ka lissafa wannan a kan inbata da batirin da ake lallaɓawa don fanka da fitila da cajin waya, ko man janareta. Na laftof kuma, ko da sunansu ɗaya da na tebur, an rage musu wuta don kada su narke, ba su kai su gudu ba, ga su da saurin zafi.

Don haka ni ban ba ka shawarar ka sayi katin girafik saboda ces ba. Ka tuna Deep Blue na IBM da ya doke Kasparov, zakaran ces na duniya a lokacin, a 1997 yana duba matsayi miliyan 200 a daƙiƙa da na'urori cike da manyan akwatuna, amma a 2009 wata manhaja mai suna Pocket Fritz 4 a kan wayar HTC, tana duba ƙasa da 20,000 a daƙiƙa, ta cinye gasar ƙwararru a Ajantina da maki 9.5 cikin 10. Wayar da ke aljihunka ta fi waccan nesa, Stockfish na yau ya fi waccan manhajar nesa, mafi girman makin da ɗan Adam ya taɓa kaiwa kuma shi ne 2882 na Magnus Carlsen a 2014, injinan yau suna sama da 3500 a jerin gwaji. Kuskuren da ɗalibanka suke yi Stockfish yana ganinsa kafin ka ɗauke yatsa daga allo.

In kuɗin ya samu kuma dole sai ka canza na'ura, ka nemi laftof na hannu mai Core i5 zuriya ta 8 zuwa sama ko Ryzen 5, ram 8GB ko 16GB, da SSD, ka sa a kunna maka Stockfish a shagon ya yi minti goma kana kallon ko lambar zata faɗi kafin ka biya. Leelar da ka riga ka sauke kuma kada ka goge ta, akwai wasu ragogi da ake kira Maia da aka horar da wasannin mutane na Lichess, daga matakin 1100 zuwa 1900, ana ɗora su a kan injin Leela a saita shi ya duba matsayi ɗaya tak, don haka ko tsohuwar laftof tana ɗaukarsu ba tare da fanka ta motsa ba. Suna yin irin kuskuren da mutum yake yi, su bar doki a buɗe, su yi kwaɗayin cin soja, yaro zai iya cin su in ya natsu. Ka fara yaran da 1100, in an gama wasa ka buɗe Stockfish ku bi takun tare. In ka samu dama ka turo min sunan furosesar laftof ɗin da lambar da bench ya ba ka, sai in gaya maka fayil ɗin da ya dace da ita da ragar Leela da zata iya ɗauka. A gaida yaran.